Na samu aikin koyar da Turanci a Tailan, amma abinci na neman koro ni gida

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Waɗanda suka san ni sun san na bar makarantar kuɗin da nake koyarwa a Kaduna, na taho Tailan a farkon zangon karatunsu, wato tsakiyar Mayu. Makarantar gwamnati ce a wani ƙaramin gari a yankin Isan, arewa maso gabashin ƙasar, ba nisa can da Khon Kaen. Aiki dai alhamdulillahi, yaran akwai ladabi, albashi kuma ba ya makara. Ciki ne ke neman kayar da ni. Burodi, ƙwai, ayaba, taliyar leda, sai a sake komawa kan burodi. Ana dafa abincin rana a makaranta har da na malamai, amma kusan komai da alade a ciki. Miyar ganye ce za ka gani garau, kana juya cokali sai ga niƙaƙƙen nama a ƙasa. Har cikin wainar ƙwai sukan sa. Wandunana duk sun yi mini yawa. Kuka da daddawar da Hajiyarmu ta ƙulla mini suna nan cikin jaka, ban san ta inda ake fara musu ba. Don Allah waɗanda suka riga mu fita, yaya kuka yi?

Maman Walid, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam. Tsaya ƙanina, kuka na cikin jaka kai kuma kana ramewa? Ikon Allah. To wannan ba laifin Tailan ba ne, laifinmu ne mu iyaye mata. Yaro ya leƙo madafi mu ce fita, ko ɗan daudu kake son zama. Ga shi nan an yi digiri, an haye jirgi, ba a iya kaɗa miya ba.

Kwamared na Kakuri:
Anti, mutum ya zo neman agaji kin tare shi da bulala. Ni shawarata ɗaya ce, ka gama zangon nan ka dawo. Me ya yi zafi? Ƙasar da ba ka jin kiran salla, ba ka cin nama, danginka na barci kai kana aji. Awa 6 fa ke tsakaninmu da su.

Ɗan Tudun Wada:
Kwamared, in dawo in tarar da me? Tun 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ka faɗa mini makarantun kuɗi nawa ne daga Kawo zuwa Sabon Tasha suke biyan malami hakan. Ni na san abin da nake karɓa a da, ko kuɗin Keke da abincin rana bai cika fitarwa ba. Yanzu ni ke biyan kuɗin makarantar ƙannena biyu. Dawowa ba ta taso ba tukuna.

Malam na Hat Yai:
Barka da zuwa ɗan'uwa. Ni ɗan Kawo ne, na daɗe a kudancin ƙasar nan, a lardin Songkhla. Mu a nan da sauƙi, don Pattani da Yala da Narathiwat da Satun duk Musulmi ne suka fi yawa, Hat Yai ma kowane lungu akwai mai abincin halal. Kai ne aka jefa inda abin ya fi wuya, amma ba inda za a mutu da yunwa ba ne. Matsalarka kantin 7-Eleven ka mayar kasuwa. Ka tashi da asuba ka shiga kasuwar safe ta garinku, wadda ake watsewa kafin rana ta yi zafi, ka bi rumfa-rumfa a hankali. Za ka ga kuɓewa ɗanya. Za ka ga tsamiya jibge, har da mai zaƙi da ake kawowa daga Phetchabun. Gyaɗa, rogo, dankalin Hausa, masara, kabewa, citta, barkono mai zafin da ya fi attaruhun Bakin Dogo. Zoɓo suna shan sa kamar yadda muke sha, da ƙanƙara a leda ko a kofi, busasshensa kuma yana nan wurin masu kayan ƙamshi. Zogale yana bayan gidajen mutane, su 'ya'yan suka fi sa wa a miya, ganyen in ka roƙa kyauta za a ba ka. Kifin ruwa kuwa, karfasa da tarwaɗa, da ransu ake sayarwa cikin baho.

Batun nama kuma, ka riƙa duba alamar wata da tauraro a jikin rumfa ko amalanken mai abinci, galibi da koren fenti. Masu soya roti, wata siririyar gurasa, da yamma yawancinsu Musulmi ne, haka masu sayar da shinkafa rawaya da kaza da suke kira khao mok. Ka yi wa ɗaya sallama ka tambaye shi inda yake sayen nama. A yankinku akwai jikokin Pathan, mutanen wajen Pakistan da Afganistan, da suka daɗe suna harkar shanu da fawa, kuma akwai masallatai a cikin Khon Kaen. Kayan gwangwani da kajin firji na manyan kantuna irin Makro, ka duba tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, yana nan a jikin leda. Taliyar ledar ma da kake ci ka riƙa dubawa, akwai mai ɗanɗanon alade.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri Malam. Kasuwar nan na taɓa shiga, wani wari ne ya koro ni tun daga bakin layi. Wani ruɓaɓɓen kifi ne cikin bokitai, launin ƙasa-ƙasa.

Malam na Hat Yai:
Pla ra ke nan, kifi ne da gishiri da dusar shinkafa ake rufewa wata da watanni. Mutanen Isan ba sa jin sun ci abinci in babu shi, shi suke zubawa cikin kwaɗon ɗanyar gwanda. Amma malam, wanda ya tashi a gidan da ake shanya daddawa a tsakar gida ba shi da bakin toshe hanci. Ranar da ka fara tafasa taka maƙwabta za su leƙo su ga me ya mutu. Kuma in taka ta ƙare, mutanen arewacin ƙasar, wajen Chiang Mai da Mae Hong Son, suna yin thua nao, waken soya ne da ake ruɓarwa a daka a shanya fale-fale. Daddawar waken soya ce sak. Ana samu ta manhajojin sayayya na intanet, Shopee ko Lazada, har ƙofar makaranta za a kawo maka.

Baba Firinsifal mai ritaya, Malali:
Yaro, bari in sa baki. Ni ma na yi irin wannan fita, a ƙarƙashin shirin nan na Technical Aid Corps da gwamnatin Babangida ta kafa a 1987, wanda ake tura ma'aikata ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara 2. Gambiya aka kai ni. Lokacin babu wayar hannu balle a kira uwa ta koya maka miya ta bidiyo, wasiƙa ce sai ta ga dama ta iso. Abin da ya riƙe ni shi ne ban ware kaina ba. Da rana malamai kan zagaye babban kwano guda, benachin, wato dafa-duka, ko domoda, wato shinkafa da miyar gyaɗa, mai gida yana gutsuro kifi yana turo maka gabanka. Bayan nan a zauna shan ataya, zagaye uku, a nan ake sanin wane ne wane. Abokin tafiyata da ya riƙa kulle kansa a ɗaki da garinsa da ƙuli-ƙuli, har muka dawo bai san sunan maƙwabcinsa ba. Idan ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura.

Almajirin Malam, Rigasa:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma ba kowace wutsiya ake ɗaurawa ba. Gambiya ƙasar Musulmi ce, kwanon da Baba ya sa hannu yankan Musulmi ne. Mutanen Tailan akasarinsu mabiya Buda ne, ba sa cikin Ahlul Kitabi da aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana abincinsu. Don haka ba alade kaɗai ba ne abin gudu, kaza da saniyar da suka yanka ma ba ta ciwuwa. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne a mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, ba ya buƙatar yanka: kifi, jatan lande, ƙaguwa, duka. Ruwan kifin nan da suke ɗiga wa abinci a madadin gishiri, in dai kifi ne da gishiri kawai, babu laifi. Abin lura shi ne kasko da man suya da romon da aka dafa taliya a ciki.

Baba Firinsifal mai ritaya, Malali:
Ustazu, ban ce ya ci haram ba. Cewa na yi kada ya ci shi kaɗai. Ya dafa nasa ya ɗauko, ya zauna a teburinsu, ya tura musu su ɗanɗana. Mutumin da kullum aka miƙo masa abu yake girgiza kai, wata rana gaisuwa ma za a daina miƙo masa.

Malam na Hat Yai:
Maganar Baba gaskiya ce, musamman a nan. Gaisuwarsu ma ta yau da kullum tambaya ce ko ka ci abinci, kuma teburin malamai kowa kawo nasa yake a haɗa a tsakiya. Ka samu malamin da kuka fi shiri ya rubuta maka da rubutunsu a ɗan kati cewa kai Musulmi ne, ba ka cin alade da man alade da romonsa, kifi da ƙwai da ganye kake ci. Ka nuna wa masu dafa abincin makaranta cikin fara'a, kada ka haɗa rai, su ba sa son a kunyata mutum a gaban jama'a. Sannan akwai shagunan da ke kafa tuta rawaya mai jan rubutu, abincin je ke nan na masu ƙaurace wa nama. Babu nama, babu kifi, babu ƙwai, ko albasa da tafarnuwa ba sa sawa. Wajen watan Oktoba suna yin bikinsa na kwana 9, lokacin ko'ina za ka gan shi.

Ɗan Tudun Wada:
To Ustaz, fara fa? Na ga ana soya ta a kasuwar dare tare da gyare da wasu tsutsotsi. Raina ya biya wallahi, na tuna ta bakin makarantarmu ta firamare da yaji.

Almajirin Malam, Rigasa:
Jamhurin malamai sun halatta fara ko ta yaya ta mutu. Malikiyya ne suka ce sai an kashe ta da niyya, ko da ta hanyar jefawa a ruwan zafi ne. To ka ga akwai saɓani. In ka samu ɗanya ka soya da kanka, ka fita daga shakka, ka kuma san man da aka yi amfani da shi. Wallahu a'alam.

Maman Walid, Unguwar Rimi:
Kun cika shi da fatawa, har yanzu ba wanda ya ce masa ga yadda ake ɗora tukunya. Ƙanina ɗauko biro. Shinkafarsu mai laushi ce, ta fi tamu daɗin tuwo. Wanke kofi ɗaya, zuba ruwa kamar kofi uku zuwa huɗu, bar ta ta dahu har ta yi lugub, in ka matsa ƙwaya da yatsa ta narke. Sai ka rage wuta ka tuƙa da muciya, in babu ka sayi babban cokalin katako. Ka rufe ta turara kaɗan, ka sake tuƙawa, ka kwashe a leda. Miya kuma: ruwa a tukunya, dakakkiyar daddawa, albasa, barkono, 'yar citta, dunƙule, gishiri, mai, da kifinka da ka gasa ka cire ƙaya. Ka bar su su tafasa sosai sai warin daddawa ya koma ƙamshi, nan ne maza ke yin gaggawa su ɓata miya. Sannan ka rage wuta can ƙasa, kana barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan da hannun hagu, dama tana kaɗawa ba tsayawa. Ba maburgi, abin kaɗa ƙwai ya isa. Kada ka juye ta gaba ɗaya, gudaji za ta yi. Kada kuma ka rufe tukunya bayan ka kaɗa. Minti kaɗan ka sauke.

Kwamared na Kakuri:
Anti ta buɗe makarantar girki kyauta. Amma fa ni ban yarda laifin iyaye mata ba ne. Aure zai yi ya tafi da matarsa, magana ta ƙare.

'Yar Badarawa a Konya:
Kwamared, wato 'yar mutane za a ɗauko daga Kaduna a kai ta ƙauyen da ba ta jin yaren kowa, ta wuni a ɗaki don kawai a samu mai tuƙa tuwo? Allah ya kyauta. Ni a Turkiyya nake koyarwa, a Konya, ni da maigidana, kuma duk wanda ya riga dawowa shi ke ɗora girki. Bai rage shi da komai ba.

Mu nan halal ba matsala ba ce, mahauci na kowane layi. Namu ciwon daban ne. Karin kumallo zaitun ne da cuku da tumatir da burodi, sai shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi ba madara, daga safe har dare ana miƙo maka. Abinci kuma ba yaji, in na zuba nawa sai abokan aiki su riƙa kallona da tausayi. Tuwo da irmik nake yi, garin alkama ne mai tsaki-tsaki da suke yin alawa da shi, ba shi da maraba da semo. Abin da ya ba ni mamaki, mutanen Konya suna da busasshiyar kuɓewa, 'yan mitsi-mitsi a shirye a zare, da ita suke miyar biki. Tsada gare ta ba kaɗan ba. Ranar da maƙwabciyata ta ga na zuba ta a injin niƙa na mayar gari, saura kaɗan ta yi kuka. Ta ɗanɗana miyar, ta ga tana yauƙi, ta ajiye cokali cikin ladabi. Su duk dabararsu ta girka kuɓewa ta kashe yauƙin ce, da lemon tsami. Amma har yau muna musayar kwano, ita ta aiko da miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, ni in aika da dafa-duka, wannan kam suna so.

Sanyi ne ban saba da shi ba har yanzu. Hunturun Kaduna da muke kuka da shi wasa ne. Kuɗin gas na dumama ɗaki shi ke cinye albashi daga Disamba zuwa Maris.

Injiniya ba Injiniya ba, daga Mando:
Hajiya kina maganar sanyi a gaban wanda ke Kazakistan? A Astana yakan wuce 30 ƙasa da sifiri, gashin hancinka ma daskarewa yake. Ni kuma jarrabawata doki ce. Musulmi ne, da bisimilla suke yankawa, kuma naman doki shi ne na girmama baƙo. Iyayen wani ɗalibina suka gayyace ni, aka kawo beshbarmak, faffaɗar taliya da nama a babban faranti, ana ci da hannu, aka yanko mini kazy, wato naman doki da ake cusawa cikin hanji, kowa ya zuba mini ido. Ga kumis, nonon goɗiya da aka bari ya yi tsami har yana ɗan bugarwa. Wannan na ce a yi mini afuwa. Naman kuwa na ci, kuma ba zan ɓoye ba, da daɗi.

Almajirin Malam, Rigasa:
Mashhurin Malikiyya hani ne a kan naman doki. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta, kuma suna da hadisai ingantattu a hannunsu. Ba zan ce ka ci haram yanke ba, amma kada ka dawo Mando ka fara kallon dawakin hawan salla da wata manufa.

Ɗan Tudun Wada:
Jama'a ga rahoto. Na je kasuwar safe, na samo tarwaɗa da barkono da cokalin katako. Tuwo ya yi ruwa kaɗan, miya kuma ta yi gudaji duk da gargaɗin Anti, amma na cinye tas har da suɗe kwano, na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Na kai ragowar makaranta kamar yadda Baba ya ce. Malamar lissafi ta gutsuri tuwon ta dangwala ba tare da an nuna mata ba, don su ma da hannu suke cin shinkafarsu mai danƙo, suna mulmulawa. Ta ce miyar ba sukari. Komai nasu sai an sa sukari, har miya. Mai roti kuma ya kwatanta mini masallaci, tafiyar kusan rabin awa ce a babur. Saura in san yadda zan roƙi a cire mini darasin bayan abincin rana na ranar Juma'a, don nan Juma'a ranar aiki ce cur.

Malam na Hat Yai:
Kada ka tunkari darakta kai tsaye, ka bi ta shugaban sashen harsunan waje, kuma ka zo da mafita a hannu: wane malami za ku yi musaya, wace rana za ka rama. Ka yi tun kafin a fitar da jadawalin zango na biyu da ke farawa wajen Nuwamba. A masallaci kuma za ka iya tarar da Shafi'awa suna bayyana bisimilla, kada ka tsaya gyara wa kowa salla. Wasu abubuwa kuma da ba a faɗa wa baƙo: kada ka dafa kan yaro ko da wasa, kada ka nuna abu da ƙafa, in an sa taken ƙasa da ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma ka tsaya cak. Maganar sarki da gidan sarauta kuwa ko a Facebook kada ka taɓa, sashe na 112 na dokarsu ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne. Ka riƙa tuna rahoton da ake kai wa ofishin shige da fice duk kwana 90, in ka makara tarar baht 2,000 ce, kuɗin ƙasar.

Maman Walid, Unguwar Rimi:
Gudajin farko ba komai, hannu ne bai faɗa ba. Akwai wanda zai taho Bankok cikin watan nan? In shiga Kasuwar Barci in haɗa masa yaji da kilishi da garin ɗanwake.

Malam na Hat Yai:
Anti a cire kilishi da dambun nama, ana ƙwace nama a filin jirgi in babu takardar izini, har karnuka suke da su masu sunsuna jaka. Gari kuma a zuba a leda mai haske, a rubuta sunansa da Turanci a jiki. Wanda zai ɗauko ya buɗe komai ya gani da idonsa kafin ya sa a jakarsa, ko da saƙon wa ne. Hukuncin ƙwaya a ƙasashen nan ba wasa ba ne, kuma fasfo ɗinmu dama an fi tsananta masa bincike.

Sabon Gama Bautar Ƙasa, Unguwar Dosa:
Yayyena don Allah a taimaka mana da hanya. Wani ya ce in kawo kuɗi zai samo mini aiki a Tailan, wai ba koyarwa ba ma, aikin kwamfuta ne, su za su biya jirgi da masauki.

Malam na Hat Yai:
Ƙanina ka gudu. Irin wannan tallar ce ake ɗaukar mutane daga filin jirgin Bankok a wuce da su Mae Sot, a tsallakar da su kogi zuwa Myawaddy a Myanmar, a ƙwace fasfo a tilasta musu damfarar mutane ta intanet. 'Yan Afirka da yawa sun faɗa. Aikin koyarwa na gaskiya yana buƙatar digiri da aka tantance a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja, takardar 'yan sanda, sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEIC aƙalla maki 600 tunda ba a lissafa Najeriya cikin ƙasashen da Turanci ne harshen uwa, bizar Non-B, sannan takardar izinin aiki. Ka kuma sani tun yanzu, Baturen da kuke aji ɗaya zai fi ka albashi ko da ka fi shi takardu.

Ɗan Tudun Wada:
Wannan haka yake. Malam, tambaya ta ƙarshe kafin in shiga aji: azumi in ya zo, ina ake samun gero? Ba na jin zan iya buɗa baki ba kunu.

'Yar Badarawa a Konya:
Mu nan a shagon masu sayar da abincin tsuntsaye na fara ganinsa, amma ban yarda da tsaftarsa ba. Ka yi kunun gyaɗa da shinkafa kawai, tunda duka biyun suna gabanka, ga kuma tsamiya. Anti, ke za ki ba shi awon, ni da ido nake zubawa.